Ba a Auna Yadi da Tiya: Martani Kan Paolo Maldini

Sau biyu na karanta rubutun da Malam ya yi a wannan shafi makon jiya a kan Paolo Maldini. Karon farko a tsaye na karanta shi, ina jiran mai shayi ya gama soya min ƙwai, kuma har na kai ƙarshe ban daina girgiza kai ba. Karo na biyu na samu wuri na zauna na bi shi a natse, don kada in yi wa mutum martani a kan abin da bai faɗa ba. Abin da ya faɗa shi ne, wai sunan Maldini ya fi aikinsa girma. Ya ce ɗan gata ne da ya tarar ubansa ya riga ya share masa hanya a AC Milan. Ya ce shekara ashirin da biyar ya yi a laɓe a bayan manyan 'yan wasa, bai taɓa fita wata ƙasa ya gwada ƙwanjinsa ba. Ya ce bai ciyo wa Italiya ko cokali ba, kuma yana matsawa gefe sai ga kofin duniya ya zo a 2006. Daga ƙarshe ya ɗauko Sergio Ramos ya ajiye kusa da shi, ya jera ƙwallayen da kowannensu ya zura, ya ce lissafi ba ya ƙarya.

Haka ne, Malam, lissafi ba ya ƙarya. Amma mai lissafi yana iya ɗauko ma'aunin da ba na kayan ba. Ba a auna yadi da tiya.

Kafin in yi nisa, bari in wanke kaina. Ni ba ɗan Milan ba ne, kuma in akwai wanda ya kamata ya riƙe Maldini a zuciya, to ni ne da duk wanda ya kalli wasan ranar 5 ga Yuli, 1994. A tsakar gidan wani maƙwabcinmu muka kalla. An fito da talabijin an ɗora a kan turmi da aka kife, yara muna gaba a kan tabarma, manya suna baya a kan benci, matan gidan suna leƙowa daga bakin ƙofa kamar ba kallo suke yi ba. Ƙarfe shida na yamma aka take wasa, Najeriya da Italiya, can kusa da Boston a Amurka. Kafin a cika rabin awa Finidi George ya bugo kwana, ƙwallon ta bugi Maldini ta faɗo gaban Emmanuel Amunike, shi kuwa ya tura ta raga. Ihun da aka yi a unguwarmu har awaki sai da suka tsinke igiya. Hutun rabin lokaci ya zo daidai da kiran magariba, kuma ban taɓa ganin an yi alwala da sauri irin na ranar ba. Daniel Amokachi, yaron Kaduna, ya riga ya fita da rauni, daga baya Amunike ma ya bi shi. Aka kori Gianfranco Zola, Italiya ta koma mutum goma, muka fara lissafin wanda za mu haɗu da shi a zagaye na gaba. Can wajen ƙarshe Rashidi Yekini ya kuɓuce zai nufi gola, Maldini ya riƙo shi ya hana shi tafiya. Kowa a tsakar gidan nan ya miƙe yana jiran jan kati. Alƙalin wasan, ɗan Meziko, ya zaro ruwan ɗorawa. Saura minti biyu Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fanareti. Mai gidan ya tashi ya kashe talabijin ɗinsa bai ce wa kowa uffan ba, muka watse kamar an dawo daga maƙabarta.

Na kawo wannan ne don Malam ya san ba soyayya ce ta rufe min ido ba. Na ga kuskuren Maldini da idona, na ga ketarsa, kuma a jikinmu ta ƙare. Amma da Malam ya ci gaba da bin wannan gasa har ƙarshe, da bai rubuta cewa mutumin laɓewa yake yi ba. Franco Baresi ya ji rauni a gwiwa tun a wasa na biyu, da Norway, sai da aka yi masa aiki. Maldini ne ya ɗaura kambun kyaftin, ya baro gefensa na hagu ya dawo tsakiya duk lokacin da aka buƙace shi. Aka dakatar da Mauro Tassotti wasa takwas saboda gwiwar hannun da ya sa wa Luis Enrique a fuska. Alessandro Costacurta bai buga wasan ƙarshe ba saboda kati. Da wannan yagaggiyar katanga, da Baresin da ya taso daga gadon asibiti, Italiya ta tsare Romario da Bebeto na Brazil minti 120 a cikin zafin Pasadena ba su ga raga ba. Abin da ya rage fanareti ne. Baresi ya ɗaga sama, gola ya tare na Daniele Massaro, Baggio ya aika tasa sama. To a nan wane aiki ne ya rage na ɗan baya wanda Maldini bai yi ba?

Wannan maganar ta kofin duniya ita ce Malam ya fi jingina da ita, kuma ita ce ta fi rauni. A 1990, a gida, Italiya ta yi wasa biyar a jere ba a zura mata ko ɗaya ba, har sai da Claudio Caniggia ya sa kai a Naples a wasan kusa da na ƙarshe. Ajantina ta fitar da su a fanareti. A 1994 fanareti. A 1998, da Cesare mahaifin Maldini yake koci, sun tashi babu ci da Faransa mai masauki, Luigi Di Biagio ya buga tasa ta daki ƙarfen sama, fanareti kuma. Gasa uku a jere, ba wadda aka fitar da su a cikin wasa. A kofin Turai na 2000 suna gaba da ci ɗaya har an shiga mintunan da alƙali ya ƙara, Sylvain Wiltord ya farke, David Trezeguet ya ci ta zinare. Sai 2006, bayan Maldini ya bar buga wa ƙasa da shekara huɗu, aka sake zuwa fanareti da Faransa a Berlin. Wa ya ɓarar? Trezeguet ɗin nan dai, ƙwallonsa ta daki ƙarfe ta dawo. Tsakanin Fabio Cannavaro da ya ɗaga kofi da Maldini da bai ɗaga ba, akwai faɗin ƙarfen raga guda ɗaya. In Malam yana so ya ce rabo ne bai tsaga ba, mun yarda. Amma ya ce Maldini ne ya tare wa Italiya hanya, wannan kam son zuciya ne. Wasa 126 ya buga wa ƙasarsa, 74 daga ciki yana kyaftin, kuma masu horarwa ba sa ba mutum wannan don kunya.

Batun gata kuwa, gaskiya ne Cesare Maldini babban mutum ne a Milan. Shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga musu kofin zakarun Turai na farko, a Wembley a 1963, ranar da suka doke Benfica ta Eusebio da ci 2-1. Ba wanda zai ce sunan bai buɗe wa yaro ƙofar makarantar ƙungiyar ba. Amma ranar 20 ga Janairu, 1985, da Nils Liedholm ya sa yaro ɗan shekara 16 a wasan Udinese, Cesare ba ya aiki a Milan, yana can yana mataimakin Enzo Bearzot a tawagar ƙasa. Kuma bayan Liedholm an yi Arrigo Sacchi, an yi Fabio Capello, an yi Alberto Zaccheroni, an yi Carlo Ancelotti, da wasu a tsakani. Duk wanda ya san Capello ya san ba ya ganin girman kowa, mutumin da ya ajiye Ruud Gullit a benci. A ce duk waɗannan sun yi ta sa mutum a fili har wasa 902 don ganin idon ubansa? Alfarma tana iya samo maka wasa ɗaya, ko biyar. Ba ta tsare maka Maradona ranar Lahadi.

Ga hujja a cikin gidan Maldinin kansa. 'Ya'yansa biyu sun bi makarantar Milan. Babban, Christian, ƙananan ƙungiyoyi ya yi ta bugawa. Ƙaramin, Daniel, ya shiga babbar tawaga, yana cikin waɗanda suka ci gasar 2022, amma a wannan shekarar aka ba da aronsa ga Spezia, alhali ubansa ne darakta mai saye da sayarwa a ƙungiyar. Daga baya ma aka sayar da shi. Lamba uku ta rigar Paolo, da Milan ta ajiye ta ce ba mai sake sa ta sai jininsa, har yanzu tana rataye. Mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a ƙwallo sau nawa muka ga ɗan barewa yana rarrafe? Jordi Cruyff bai daɗe a Barcelona ba bayan an sallami ubansa. Fili ba ya karɓar takardar gado.

Amma duk wannan bayan fage ne. Ainihin inda muka rabu da Malam shi ne a kan mene ne aikin ɗan baya, kuma ina ganin na san inda cutar ta samo asali, don ni ma an yi min ita. A filin firamaren unguwarmu, in za a raba 'yan wasa, manyan yara biyu ne suke tsayawa su yi ta zaɓa. Mai yanka shi ake fara ɗauka, sai mai gudu, sai mai ƙarfin ƙafa. Wanda ya rage a ƙarshe, irina, sai a ce masa, "Kai, je ka tsaya a baya, duk wadda ta zo ka share ta." Wanda ya fi ni rashin sa'a kuma a tura shi gola tsakanin duwatsu biyu. Haka muka tashi da tunanin cewa baya wurin wanda bai iya ba ne. In ka share ƙwallo ta faɗa gidan mutane, an yaba maka. In ka kwashe ƙafar ɗan gaba ya tashi yana karkaɗe ƙura, ka zama namiji. Ba wanda ya taɓa ce min na yi kyau don na tsaya a wurin da ya sa aka fasa ba wa lamba tara ƙwallo. Ni kaina ban san wannan aiki ba ne sai da na girma.

Wannan tunanin na filin firamare shi ne ya girma ya sa babbar riga ya shiga gidan kallo, yanzu kuma ya shiga waya. Yaran da ke musu a kan Maldini yau, galibinsu a guntayen bidiyo na minti uku suka san shi. To me za a yanka a sa a bidiyon minti uku? Ƙwallon da aka ci, da zamiyar da aka yi aka kwashe ƙwallo da mutum, da faɗa. Aikin ɗan baya na ƙwarai kuwa, mafi yawansa abin da bai faru ba ne. Ɗan gefe ya taho a guje, ya ɗaga kai ya ga an rufe masa ciki, an bar masa layi inda ba abin da zai yi, ya juya ya mayar da ƙwallo baya. Ɗan tsakiya ya so ya zura wa ɗan gabansa, ya ga wani ya riga ya tsaya a kan hanyar, ya fasa. Ba mai tafi, ba mai rubutawa a takarda. Mai gadin da ɓarawo bai taɓa shiga gidan da yake tsaro ba, ba shi da labarin da zai bayar a majalisa. Wanda aka haura masa katanga ya yi kokawa ya kama ɓarawo, shi ne ake ba da labarinsa har shekara. Amma in Malam ne mai gida, wanne zai ɗauka?

Maldini ya iya zamiya, kuma duk wanda ya kalle shi yana saurayi ya ga doguwar ƙafar nan tana zagayowa ta ɗauke ƙwallo ba ta taɓa mutum ba. Sai dai abin da ya fifita shi karatun wasa ne da tsayuwa. Badamen mutum ne da ya yi rayuwarsa a gefen hagu, ya horar da ƙafar hagun har mutane da yawa suka ɗauka bahago ne. Wannan ya sa ɗan gefe ba shi da wajen da zai ce nan ne raunin: in ya bi layi ya tarar da hagu, in ya yanko ciki ya faɗa wa dama. Kuma ya koyi sana'ar ne a makaranta mai tsanani. Sacchi, wanda bai taɓa buga ƙwallon ƙwararru ba, ya zo Milan a 1987 da ra'ayin cewa 'yan baya huɗu su riƙa motsi kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Ba kowa ya bi mutuminsa duk inda ya je ba, kamar yadda Italiya ta saba. Kowa ya tsare yankinsa, su matso gaba tare, su ja baya tare, su matse filin har abokin hamayya ya rasa wurin numfashi. Tassotti a dama, Baresi da Costacurta a tsakiya, Maldini a hagu. Baresi ya ɗaga hannu, su huɗun su taka gaba lokaci guda, ɗan gaba ya waiga ya ga tuta a sama, satar gida. In mutum ɗaya ya makara da taku ɗaya, an ci su. A irin wannan tsari ba a laɓewa a bayan kowa, don wanda ya laɓe shi ne zai ɓata tarkon.

Tunda Malam mai son lissafi ne, ga lissafin da ya dace da kayan. Kakar 1987-88 Milan ta ci gasar Italiya an zura mata ƙwallo 14 kacal a wasa 30. Daga 1991 zuwa 1993 ta yi wasa 58 a jere a gasar ba a doke ta ba. Kakar 1993-94 kuwa ita ce na fi so a duba: wasa 34, an zura musu 15, su kuma 36 kawai suka ci, amma suka ɗauki kofi. Ƙwallo 36 a wasa 34! Yau ɗan gaba ɗaya yana cin haka shi kaɗai. Marco van Basten yana jinyar idon sawu, Gullit ya tafi Sampdoria, Frank Rijkaard ya koma Ajax. Golansu, Sebastiano Rossi, ya yi minti 929 ba a ɗauko ƙwallo a ragarsa ba. Wannan kofi 'yan baya ne suka ciyo shi, 'yan gaba suka taya su ɗauka.

A ƙarshen wannan kakar ne aka yi wasan da ya kamata ya kashe maganar laɓewa har abada. Ranar 18 ga Mayu, 1994, a Athens, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Barcelona ta Johan Cruyff ta zo da kofin Sifaniya na huɗu a jere, da Romario wanda ya ci ƙwallo 30 a gasar, da Hristo Stoichkov, da Pep Guardiola, da Ronald Koeman. Milan ta zo babu Baresi, babu Costacurta, dukansu an dakatar da su. Masu sharhi sun riga sun yi mata jana'iza. Capello ya dawo da Maldini tsakiya ya haɗa shi da Filippo Galli. Aka tashi 4-0: Massaro biyu, Dejan Savicevic ɗaya, Marcel Desailly ɗaya. Romario ya yi yawo a filin nan kamar wanda ya zo biki ba a gayyace shi ba. Bayan wa Maldini ya laɓe ranar? Sannan Baresi ya rataye takalmi a 1997, Maldini ya karɓi kambu ya ƙara shekara goma sha biyu, ya ɗaga kofin gasar Italiya biyu da na zakarun Turai biyu da hannunsa. Na 2003 a Old Trafford ya ɗaga, bayan an tashi babu ci da Juventus, shekara arba'in cif bayan ubansa ya ɗaga nasa a Ingilar, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasan. Gaba ɗaya wasan ƙarshe takwas ya buga a wannan gasa, ya ci biyar, ga kofin gasar Italiya bakwai.

Maganar rashin fita waje ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ina zai je? A shekarun nan duniya ce take zuwa Italiya. Maradona da Careca suna Napoli, Platini yana Juventus, daga baya Zidane ya zo, Matthäus da Klinsmann suna Inter, daga baya Ronaldo na Brazil ya zo, Batistuta yana Fiorentina. A atisaye kuma kullum yana gaban Van Basten, ko George Weah, ko Shevchenko. Namu ma can suka nufa: Sunday Oliseh, Nwankwo Kanu, Obafemi Martins wanda ya zura wa Milan ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe na 2003 ya tayar musu da hankali, da Taribo West wanda ya tsallako daga Inter zuwa Milan ya tarar gurbin da yake so da mai shi, bai daɗe ba ya yi gaba. Mutumin da kasuwa take ci a ƙofar gidansa ba a ce masa ya ji tsoron fatauci. Kuma ba daɗi kaɗai ya zauna ya sha ba. Milan ta ƙare ta 11 a 1997, ta 10 a 1998, magoya baya suna jifa, bai nemi hanyar gudu ba.

Ramos kuwa, ba zan rage masa komai ba. Kofin duniya ɗaya, na Turai biyu, na zakaru huɗu, kuma ƙwallon da ya sa wa kai a minti na 93 a Lisbon a 2014 ita ta cece Real Madrid. Ƙwallo 101 ya ci wa Madrid, Maldini 33 ya ci wa Milan. Amma tunda an buɗe littafin, a karanta ɗaya shafin: jan kati 26 Ramos ya karɓa a rigar Madrid. Sau ashirin da shida ya bar 'yan'uwansa a fili da giɓi. Kuma kofunan da ya ci wa ƙasa, da Xavi da Iniesta a gabansa ya ci su, mutanen da in suka riƙe ƙwallo ɗan baya yana iya shan ruwa ya dawo. Wanda ya fi son ɗan baya mai cin ƙwallo da tayar da ƙura, ga Ramos nan, ba laifi. Amma a ce ya fi wani iya tsaron baya saboda ya fi shi cin ƙwallo, daidai yake da a ce wannan tela ya fi wancan don ya fi shi iya tuƙi.

Haka nan zancen Ballon d'Or, da Malam ya taɓo a gurguje. Tun da aka fara ba da ita a 1956, 'yan baya nawa suka samu? Franz Beckenbauer sau biyu, Matthias Sammer a 1996, Cannavaro a 2006. Gola kuwa Lev Yashin ne kaɗai, tun 1963. Baresi ma na biyu ya zo a 1989. Wannan ba hukunci ba ne a kan 'yan baya, hukunci ne a kan masu jefa ƙuri'a, waɗanda da alama su ma a irin filin firamarenmu suka tashi. Duk da haka Maldini ya zo na uku a 1994 yana ɗan shekara 26, ya sake zuwa na uku a 2003 yana ɗan 35.

Akwai inda zan sunkuyar wa Malam kai. A 2002, ƙwallon zinaren da Ahn Jung-hwan na Koriya ta Kudu ya ci da kai, a kan Maldini ya tashi, kuma duk surutun da aka yi a kan alƙalin wasan bai goge wannan ba. Da wannan hoton ya bar tawagar ƙasa. Sai daren Istanbul a 2005, wasan ƙarshe na kofin zakaru da Liverpool, wanda na kalla a gidan kallo cike maƙil, janareta yana ƙugi a waje. Ba a cika minti ɗaya ba Maldini ya ci, Hernan Crespo ya ƙara biyu, aka tafi hutu 3-0. 'Yan Liverpool da yawa suka fice, har wani ya nemi mai gidan kallo ya mayar masa da rabin kuɗinsa. Cikin minti shida Gerrard da Smicer da Alonso suka farke duka. Maldini ne kyaftin, kuma kyaftin yana da kaso a irin wannan rushewa, ko da ba ta gefensa kaɗai aka bi ba. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne ya dawo. Shekara biyu bayan nan, yana gab da cika 39, da gwiwoyin da suka riga suka gaji, ya jagorance su suka doke Liverpool ɗin 2-1 a Athens.

Malam ya kuma kafa hujja da cewa magoya bayan Milan da kansu sun yi masa ihu ranar bankwana. An yi, ranar 24 ga Mayu, 2009, a San Siro, bayan wasan Roma. Amma ba filin ne ya yi ba. Wani ɓangare ne na 'yan tsageran da ke zama a bayan raga, waɗanda suka saba 'yan wasa suna yi musu fadanci, shi kuwa bai taɓa yi ba, har ya taɓa mayar musu da magana a filin jirgi bayan dawowa daga Istanbul. Sun riƙe abin shekara huɗu suka rama a ranar da ta fi ciwo. Kwana uku bayan haka Guardiola ya ci kofin zakaru a Rum, ya ce ya sadaukar da shi ga Maldini, Guardiolan da yake cikin waɗanda aka lallasa a Athens. Mako guda bayan wasan Roma, a Florence, magoya bayan Fiorentina suka miƙe suka yi masa tafi a wasansa na 647 a gasar, na ƙarshe. Da ya dawo ofis a 2018 ma idonsa bai mutu ba: a zamaninsa aka kawo Theo Hernandez da Rafael Leao da Fikayo Tomori da Mike Maignan, aka ci gasar 2022 bayan shekara goma sha ɗaya ana jira. Ya yi cinikin da bai yi riba ba, irin na Charles De Ketelaere, kuma sababbin masu ƙungiyar suka sallame shi a 2023. Wannan wani babi ne, mu bar shi wata rana.

Roƙona ga Malam ɗaya ne. Wasan Athens na 1994 yana nan cikakke a intanet. Ya sayi data, ya ajiye guntayen bidiyo, ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Kada ya bi ƙwallo da ido, ya bi mai tsaron tsakiyar nan dogo. Ya riƙe biro ya ja layi duk lokacin da ɗan Barcelona ya ɗaga kai ya nemi Romario ya fasa. In ya gama ya zo wajen mai shayinmu da takardar, ni zan biya. Amma jan katin nan na Boston, wannan kam ba na cikin masu kare shi, har gobe Yekini yana bin sa bashi.